"Ɗan Gyara Ne Kawai": Aikin Da Ke Karya Magina Ba Tare Da An Ji Ba

Duk shekara, da zarar hadarin farko ya haɗu a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, iskar da ke gabansa ce ke raba wa kafintoci aiki. Kafin gari ya waye ta yaye kwano a nan, ta karya rafta a can, ta jefa rufin wani a tsakar gidan maƙwabcinsa. Da hantsi wayar duk wani mai guduma a Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram ba ta hutawa, kuma kusan magana ɗaya ce a bakin masu kira: "Malam, ɗan gyara ne kawai, zo ka duba mana kafin ruwa ya sake sauka."

Tun daga nan ciniki ya karkata. Kafinta ya faɗi kuɗinsa, mai gida ya ce, "Haba Malam, ƙusa nawa za ka buga?" A yi ta ja har a daidaita. To amma me aka rage? Kwano da ƙusa dai kasuwa ta riga ta yanke farashinsu, ba mai taɓa su. Abin da ke fita daga lissafi shi ne yaron da zai riƙe tsani, da katakon da za a shimfiɗa a kan rufi a taka, da rabin yinin da ya kamata a ɓata ana duba ko raftar za ta ɗauki mutum. Mai gida ya koma ciki yana murnar ya yi ciniki, bai san abin da ya saya da ragin ba.

Idan bene ya rufta, kamar mai hawa 21 da ya faɗi a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka mutum fiye da 40, ƙasa takan ɗauka, a kafa kwamitin bincike. Mai fentin da ya zamo daga hawa na biyu a wata unguwa kuwa, labarinsa ba ya wuce masallacin layinsu. Mutuwa ce ta ɗai-ɗai, a gidajen mutane, babu rajistar da ke ɗaukar sunan kowa. A Turai, inda ake ƙidaya irin wannan, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na haɗurran da ke kashe mutane a bakin aiki suna faruwa ne wajen gyara da kula da gine-gine da injuna. Can ke nan, inda dokar aiki ke da tsauri.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai sabon gini ya san abin da ya sa da hannunsa. Mai gyara kuwa aikin wani yake gada, galibi wanda bai taɓa gani ba. Bai san ta ina waya ta bi a cikin bangon da zai fasa ba. Bai san gara ta cinye cikin katako ta bar masa ɓawo ba. Bai san cewa harsashin da aka haƙa don gida mai hawa ɗaya shi ne yanzu ke ɗauke da hawa biyu da tankin ruwa ba. Zanen gidan, in ma an taɓa yin sa, ya bi tsohon mai gida. Ga shi kuma gidan da ake gyara yawanci da mutane a ciki: yara na wasa a ƙarƙashin inda ake jefo tsohon kwano, uwar gida na iya sa a tayar da janareta a kowane lokaci.

Tsohon gini yakan yi gargaɗi, sai dai wa'adinsa gajere ne. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajejen shekarun 1830, ya rufta kan masu sallar La'asar, aƙalla mutum 7 suka rasu. Mai martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya bayyana cewa kwana ɗaya kafin nan aka ga tsagewa a bango, ana shirin kawo injiniyoyi su duba. Waɗanda abin ya rutsa da su masallata ne, amma da ginin ya ƙara jure kwana biyu, masu gyara ne za a tarar a ƙarƙashinsa. Bangon da ya tsage ko rufin da ya lotsa, aikin farko a kansa shi ne a fitar da mutane a tokare shi da ƙarfe ko katako mai kauri. Yaɓe da siminti sai daga baya. Birkilan da aka kira ya "toshe tsaga" ba tare da ya tambayi abin da ya tsaga bangon ba, kansa yake sawa a ƙarƙashin kaya.

Tsani da rufi

A tsaya a kalli tsanin da ake yawan aiki da shi a unguwanninmu. Katako ne tu-bai-tu guda biyu, an buga musu matakai da ƙusa, wani matakin ya riga ya saki gefe ɗaya an ɗaure shi da waya. In bai kai ba, a ɗora ƙafafunsa kan bulo biyu ko kan durom. Mai hawa yana sanye da silifas, guduma a hannu ɗaya, ƙusoshi a baki, ɗaya hannun yana jan kwanon da yaro ke miƙo masa daga ƙasa. Da me yake riƙe da tsanin? Da gwiwa da ƙirji.

Ƙa'idar tsani ba ta buƙatar boko. In tsayin inda zai jingina mita 4 ne, ƙafarsa ta nisanci bango da mita 1. Kansa ya zarce bakin rufi da kamar mita 1, domin mai sauka ya sami abin kamawa. A ɗaure shi a sama, ko wani ya taka shi a ƙasa. Mai hawa kuma kada ya rabu da shi da fiye da gaɓa ɗaya a lokaci guda, kaya a ja su da igiya. Duk wani tsohon kafinta ya san wannan. Abin da ke hana shi yi shi ne jinga: kuɗin aikin ɗaya ne ko ya gama da azahar ko ya kai magariba, ga wani gidan na jiransa.

Mutane suna raina tsayin gida mai hawa ɗaya. Wanda ya faɗo daga mita 3 yakan isa ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, da gudun da ya kai kilomita 27 a awa. Daga mita 6 gudun ya kusa kilomita 40. Babu zafin naman da zai sa mutum ya gyara faɗuwarsa a wannan ɗan lokaci, kuma abin da ke jiransa a ƙasa daɓen siminti ne, ko tarin bulo, ko rodin da aka bari a tsaye. Ko a Birtaniya, da duk tsaurin dokarta, cikin ma'aikata 138 da suka mutu a bakin aiki a shekarar 2023 zuwa 2024, guda 50 faɗowa suka yi daga sama.

A kan rufi, gwani yana bin layin ƙusa ne, domin ya san a ƙarƙashinsa akwai katako. Dabara ce mai kyau a sabon gini. A tsohon rufi layin ƙusar na iya yaudararsa, domin ƙusar na nan amma katakon ya zama gari. Tsohon kwanon asbestos da farin kwanon roba da ake sawa don haske ba sa lanƙwashewa su ba mutum sanarwa, ɓallewa suke yi gaba ɗaya, silin da ke ƙasa kuma ko mage da ƙyar yake ɗauka. Da sassafe raɓa ta sa kwano santsi. Da rana, a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, kwanon na ƙona tafin ƙafa, jiri na ɗibar mutum, balle in an dace da azumi. Dogon kwanon alminiyam da ake ɗagawa sama kuwa, iska kaɗan ta ishe shi ya ja mai riƙe da shi.

Ba zan ɗora wa masu gida laifin duka ba. A cikin ma'aikatan kansu akwai wata jarumta marar amfani: wanda ya ɗaura igiya a ƙugu sai abokan aiki su ce sabon shiga ne. Hular kwano tana da zafi, takalmi mai ƙarfe a baki yana da tsada, wannan duk gaskiya ne. Amma hular ma ba ita ce farko ba. Masana harkar sun jera abin daki-daki: abin da za a iya haɗawa a ƙasa a haɗa shi a ƙasa, in dole sai an hau, a kafa wurin tsayawa mai faɗi da shinge a gefe, igiyar ɗaura jiki ita ce ta ƙarshe, ita ma sai da wuri mai ƙarfi da za a maƙala ta. Sau da yawa a manyan wuraren aiki za ka ga mutum sanye da ɗamarar kariya, ƙugiyarta na reto a bayansa ba a maƙale da komai ba. An sa ta ne don idon mai duba aiki.

"Ai an ɗauke wuta"

Wannan jimla ta yi ajalin masu wayarin da yawa. Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Wanda ya ɗauke ba ya sallama in zai dawo da ita. Gidan yau kuma ƙofofin wuta uku gare shi: ta layi, ta janareta, da ta sola mai inbata da batir. Farantin sola yana ba da wuta muddin rana na dukansa, ko da an kashe komai a cikin gida. Janaretan da aka haɗa ba tare da makunnin sauya layi mai kyau ba yana iya tura wuta baya, ta bi waya ta sami wanda ke kan turke ko cikin silin yana ganin layin a mace yake. Tsarin da ke ceton rai gajere ne: a kashe daga babban makunni, a cire fiyus mai aikin ya sa a aljihunsa, a faɗa wa mutanen gida, sannan a gwada kowace waya da testa kafin a taɓa. Akwai kuma ƙaramar na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta ji ta fara bi ta jikin mutum, wadda ke aiki a kan miliamfiya 30. Kuɗinta bai kai na fankar silin mai kyau ba, amma gidaje kaɗan ke da ita.

Sai babbar waya. Layukan da ke ɗauke da bolt 11,000 suna ratsa unguwanni da yawa, kuma ƙa'ida ta ce a bar musu mita 5.5 ta kowane gefe. Gidan da aka gina da hawa ɗaya a ƙarƙashinsu yana iya zama lafiya shekara ashirin, sai ranar da aka ce za a ɗora bene ko a ɗaga tanki. Rodi guda tsayinsa mita 12 ne. Lebura ya ɗaga shi tsaye a kan dakin, ba sai ya taɓa wayar ba, kusantarta kawai ya isa wutar ta yi tsalle.

Ramin da ke cin mutum uku

A sanarwar da Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ke fitarwa lokaci zuwa lokaci, akwai labarin da ke maimaita kansa, sunan unguwa kawai ke sauyawa. Sokawe ya cika ko ya toshe, ko rijiya na son yasa. Mutum ya shiga. Aka ji shiru. Ɗan'uwansa ya leƙa ya gan shi a kwance, ya yi salati ya bi shi. Shi ma shiru. Na uku ya bi. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, gida ɗaya ya yi gawa biyu ko uku.

Abin da ke cikin ramin ba ya ganuwa. Ƙazanta in ta ruɓe tana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka take kwanciya a ƙasan rami. Makircinta shi ne in ta yi yawa tana kashe jin wari, sai mutum ya ɗauka ta tafi. In ta ƙara yawa, shaƙa ɗaya ko biyu ke kayar da ƙato. Wani ramin kuma ba guba ce a ciki ba, iskar numfashi ce ta yi ƙaranci: a sarari kashi 21 cikin 100 ce, in ta sauka ƙasa da 19.5 an shiga haɗari. Injin jan ruwa mai fetur da ake saukarwa cikin rijiya yana cika ta da hayaƙin da ba shi da wari ko launi. Tun a 1986 cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗin cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare masu zuwa ceto ne.

Tsofaffin masu haƙar rijiya sukan saukar da fitila kafin su shiga, in ta mutu su fasa. Hikima ce, amma ta rijiya ce kaɗai. A sokawe, inda iska mai kamawa da wuta ke taruwa, fitilar na iya tayar da ramin gaba ɗaya, kuma ba ta nuna guba. Abin da ya rage wa wanda ba shi da na'urar gwaji shi ne a buɗe ramin ya sha iska sosai, a hura masa iska daga waje, a kwashe abin da za a iya kwashewa daga sama, kuma kada kowa ya shiga sai da igiya a jikinsa da mutane a bakin rami masu ƙarfin jawo shi. Mafi wuya a cikin ƙa'idojin ita ce ta ƙarshe: in na ciki ya faɗi, kada a bi shi. Faɗa wa mutum ya tsaya a waje ƙaninsa na kwance a ƙasa ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ake ɗaura igiyar tun kafin a shiga.

Akwai kuma masu kisan a hankali. Gidajen ma'aikata, makarantu da asibitoci da yawa da aka gina daga shekarun 1960 zuwa 1990 an rufe su da kwano da silin asbestos, har masana'antunsa an yi a Kano da Bauchi. Muddin yana zaune lafiya ba ya cutarwa sosai. Ranar da aka zo sauya shi, aka fasa da guduma, aka yanka da giranda, aka share garin da tsintsiya, ranar ce zaruruwansa ke shiga huhu, cutar kuma sai bayan shekara 20 zuwa 50 take bayyana, lokacin da ba mai tuna aikin. Birtaniya ta haramta shi a 1999, amma har yanzu yana kashe kusan mutum 5,000 a can duk shekara, da yawansu kafintoci, masu aikin famfo da masu wayarin. A jiƙa shi da ruwa, a cire shi ɗungurungum ba tare da fasawa ba. Ƙurar yankan tayil da kankare ita ma tana daskarar da huhu, ba ta da magani, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci kuma ba ya tare ta. Ɗanyen siminti kuwa yana cin fata kamar soda. Dubi ƙafar duk leburan da ya shekara biyar yana kwaɓa shi ba takalmi.

Wanda ya gina, ya tuna da mai gyara?

Duk wanda ya ga hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, wadda aka fara ginawa a wajejen 1515 aka sake ta a 1844, zai lura da itatuwan da suka fito daga jikinta ta kowane gefe. Suna ƙarfafa ginin, kuma su ne matakan da magina ke takawa in lokacin yaɓe ya yi. Haka abin yake a masallacin Jenne da ke Mali. Maginin ƙasa ya san gininsa zai nemi hannu bayan kowace damina, sai ya gina hanyar hawa a jikin bangon tun ranar farko. Ba cewa nake ba a faɗuwa a wancan zamani. Cewa nake an sa mai gyara a lissafi.

Yanzu a dubi abin da muke ginawa. Injin na'urar sanyaya ɗaki a maƙale a bayan bangon hawa na huɗu, babu ko tudun da za a sa ƙafa, sai mai gyara ya fito ta taga wani ya riƙe masa bel. Tankin ruwa a kan dogon ƙarfe, matakansa siraran rodi da tsatsa ta ci, sama babu shinge. Rufin zamani mai tsini kamar dutse, an jera masa farantan sola da ƙurar hunturu za ta rufe duk mako, ba a bar ko ƙugiya ɗaya ta maƙala igiya ba. A Birtaniya wata doka ta 1994 ta ɗora wa mai zana gini alhakin tunanin yadda za a wanke shi da gyara shi lafiya, ta kuma wajabta a ajiye kundin bayanan ginin don masu aiki na gaba. An sabunta ta a 2015. Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma aiwatar da shi ya rataya a wuyan jihohi, kuma aikin gyaran gida ba ya ma bi ta ofishin da ke ba da izini.

Bayan an faɗo

Minti goman farko sukan yanke ko mutum zai sake tafiya da ƙafarsa. Abin da aka saba shi ne a taru a ciccibe shi, wani ya kama hannu wani ƙafa, a naɗe shi a bayan Adaidaita Sahu. In ƙashin baya ya tsage, wannan ɗaukar ce ke ƙarasa lakar. Wanda ya faɗo daga sama a kwantar da shi a miƙe kan ƙofa ko faffaɗan katako, a riƙe kansa kada ya juya. Daga nan kuma sai a yi ta shawara tsakanin mai ɗori da Asibitin Ƙashi na Dala, kuma aljihu ne ke yanke hukunci.

Mai gida yakan biya kuɗin ranar farko, ya kai buhun shinkafa, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Iyalin ma'aikacin su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙo da sababi ba, kuma fiƙihu yana da babi guda a kan lamuni da diyya idan sakacin wani ya jawo wa wani rauni. Ba a cika jin an buɗe wannan babin a kan tsanin da mai gida ya ba da aro yana sane da cewa ya ruɓe ba.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da na wucin gadi, da ɗan koyo, da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Ta ba wanda ya ji rauni kwana 14 ya sanar da mai aikin, shi kuma kwana 7 ya kai rahoto, a nemi diyya cikin shekara guda. A 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 187 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiyar wurin aiki. Sai dai Dokar Masana'antu ta 1987, wadda masu duba wuraren aiki ke dogaro da ita, an tsara ta ne da ma'aikata mai injuna a zuciya, tarar da ke cikinta kuma 'yan dubban nairori ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba sa ƙarƙashin wani tsari na hukuma, kuma kafintan da ake kira bayan iska yana tsakiyarsu.

Inda dokar ke da haƙora shi ne kwangilar gwamnatin tarayya, domin ba a ba kamfani aiki sai ya nuna takardar shaidar biyan NSITF. Kamfanin ya karɓi gyaran makaranta, ya sayar wa ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya ba wani oga jinga, ogan ya je bakin titi da asuba ya ɗebo mutum shida da kwanon sarki da shebur. Takardar tana cikin fayil a ofis, amma babu sunan ko ɗaya daga cikin shidan a jerin ma'aikatan da aka biya wa kashi ɗayan.